Yadda Za Ku Koya wa Ƙananan Yara Ƙasar Sin a Tsakar Gida da Yashi da Buta da Laka

Kwalin koren ganyen shayi ne ya jawo mana wannan karatu. 'Yata 'yar shekara shida ta ɗauke shi a kan kanta tana jujjuyawa, ta ga wani irin rubutu da ba boko ba, ba ajami ba, ta ce, "Umma, wannan zanen na su wane ne?" Na ce mata rubutun Sinawa ne. Ta ce, "A ina suke?" Na buɗe taswira a waya na nuna mata, ta kalla ta gyaɗa kai, kafin la'asar ta manta. Daga ranar na gane cewa yaro ɗan ƙasa da shekara takwas ba ya riƙe ƙasar da bai taɓa ta da hannunsa ba. Abin da zan zayyana a nan shi ne tsarin da muka bi ni da ita da yayanta ɗan shekara takwas, cikin kusan makonni biyar, sau biyu a mako, kowane zama bai wuce minti arba'in ba. Shawarata guda ce tun kafin a fara: ku soma da ƙasar kanta, tuddanta da kogunanta, sannan ku ɗora abinci da rubutu da biki a kai.

Mataki na farko: ku nemo gabas da yamma

Ku sami allurar ɗinki, da maganaɗisu (na tsohuwar lasifikar rediyo ma ya isa), da ɗan ganye busasshe mai faɗi, da kwano cike da ruwa. Babba ne zai riƙe allurar. A goga ta da maganaɗisun daga kai zuwa tsini, ta fuska ɗaya kawai, kamar sau arba'in. A ɗora ganyen a kan ruwa, a kwantar da allurar a kansa a hankali, a janye maganaɗisun nesa. Ganyen zai juya da kansa ya tsaya, allurar tana kallon kudu da arewa. Ku bar yaro ya ture shi da yatsa, ya ga ya koma inda yake. Sai ya yi sau goma bai gaji ba.

A nan za ku gaya musu cewa Sinawa ne suka fara amfani da wannan dabara, kuma sunan da suka ba ta yana nufin "allura mai nuna kudu". Da gawayi a rubuta arewa da kudu da gabas da yamma a ƙasan tsakar gida. Yara sun san inda rana take fitowa, don haka a sa su tabbatar da abin da allurar ta ce.

Mataki na biyu: taswirar yashi

Wannan shi ne ƙashin bayan komai, kada ku yi masa gaggawa. Mu zama uku muka yi a kansa.

Ku zaɓi wani lungu da ba a bi ta ciki, tsawon kamar taki uku na babba. Idan gidan haya kuke ko bene, babban tire ko murfin tsohon akwati zai wadatar. A zuba yashi mai ɗan danshi, a baje. Da tsinke a zana siffar ƙasar. Sinawa da kansu suna cewa taswirarsu ta yi kama da zakara: kansa a arewa maso gabas, ƙirjinsa ya turo gabas wajen teku, jelarsa ta baje can yamma. Ku zana zakaran nan kuna kallon taswirar gaske, ba sai ya fito daidai ba. A gefe a zana Najeriya 'yar ƙarama, domin Sin tana da faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 9.6, wato ta ninka Najeriya sau goma da 'yan kai. Ku yanko kwali mai girman Najeriyar da kuka zana, yaro ya riƙa ɗora shi a cikin zakaran yana ƙirgawa.

Sai gina tuddai. Ƙasar Sin kamar matakalar bene take mai hawa uku, tana gangarowa daga yamma zuwa gabas. Hawa na sama shi ne tudun Tibet a kudu maso yamma, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000 a kan teku. A nan ku binne rabin bulo ku lulluɓe da laka. A bakinsa na kudu ku jera duwatsu masu tsini, su ne tsaunukan Himalaya, ku zaɓi mafi tsayi ku barbaɗa masa gari ya zama ƙanƙara. Wannan shi ne Everest, mai tsayin kusan mita 8,849, a kan iyakar Sin da Nepal. Hawa na tsakiya tsayinsa mita 1,000 zuwa 2,000 ne, a yi shi da laka kaurin tafin hannu. A arewacinsa da yammacinsa a zuba busasshen yashi, hamadar Gobi ke nan da ta Taklamakan. Hawa na ƙasa shi ne filayen gabas, akasarinsu ƙasa da mita 500, a shafe su sumul. Gabas da nan a aje farantin ruwa ko shuɗiyar leda, teku ke nan.

Kafin ku ce komai game da koguna, ku miƙa wa yaro buta. Ku tambaye shi, "Idan ruwan sama ya zuba a kan wannan tudu, ina zai nufa?" Ya tsiyaya a hankali a kan tudun Tibet. Ruwan zai gangaro gabas da kansa. Ɗana ya buɗe baki yana kallo, ya ce, "Ashe shi ya sa!" Bayan haka ban sake gaya masa inda kogunan Sin suke nufa ba.

Yanzu da yatsa a gyara hanyoyi biyu. Ta kudu ita ce kogin Yangtze, mai tsawon kusan kilomita 6,300, mafi tsawo a nahiyar Asiya, yana shiga teku a kusa da birnin Shanghai. Ta arewa ita ce Rawayen Kogi, wanda suke kira Huang He, tsawonsa ya haura kilomita 5,400, kuma yana yin wani babban lanƙwaso zuwa arewa kafin ya dawo ya nufi teku. A shimfiɗa shuɗin zare a na farko, zare ruwan ɗorawa a na biyu, don kada su ɓace idan yashi ya bushe.

Dalilin sunan Rawayen Kogi kuwa, kwalba ce za ta bayyana shi. A cika ta da ruwa, a zuba ƙasa mai laushi cokali uku, yaro ya girgiza har ruwan ya rine. A aje ta kan taga zuwa washegari. Za a tarar ruwa ya kwanta, laka ta taru a gindi. Kogin yana ratsa wani yanki mai ƙasa ruwan ɗorawa, mai laushi kamar gari, ya kwaso ta, idan ya iso fili ya rage gudu sai ta kwanta a cikinsa. Shekara da shekaru haka, har gindin kogin ya yi tudu. A kusa da birnin Kaifeng, kogin yana gudana ne sama da titunan gari, katangun ƙasa ne suke tare shi. Wannan lakar ita ce ta ba manoma ƙasa mai albarka, ita ce kuma ta jawo ambaliyar da ta sha cinye garuruwa. Ɗan shekara takwas yana iya ɗaukar duka biyun.

A zama na uku ku kawo wake ƙwaya ɗari. Ku ja zare daga kan zakaran, wajen garin Heihe a arewa maso gabas, ku karkato da shi zuwa garin Tengchong a kudu maso yamma. Wani masanin ƙasa mai suna Hu Huanyong ne ya ja wannan layi a 1935. Yara su zuba ƙwaya 94 gabas da zaren, shida kacal a yamma. Haka mutanen ƙasar, su sama da biliyan 1.4, suke zaune. Ku tambaye su dalili, ku yi shiru. Za su kalli bulon da yashin da suka zuba da hannunsu, su ba ku amsa. A ƙarshe a kafa 'yar jar tuta mai taurari biyar ruwan ɗorawa a Beijing, babban birni, wajen maƙogwaron zakaran.

Idan akwai tocila da lemo, tocilar ta zama rana, lemon ya zama duniya, a nuna musu da dare yadda rana take riskar Sin kafin ta riske mu. Agogon Beijing yana gaba da namu da awa bakwai: ƙarfe bakwai na safe a Kano ko Maraɗi, can ƙarfe biyu na rana ne.

Mataki na uku: abinci

A koma kan taswira da shinkafa a hannu ɗaya, alkama a ɗaya. Kudu akwai ruwan sama da ɗumi, sai a barbaɗa shinkafa daga kwarin Yangtze zuwa ƙasa. Arewa akwai sanyi da ƙarancin ruwa, sai a barbaɗa alkama a filayen Rawayen Kogi. Shi ya sa mutanen kudu suka fi cin shinkafa, na arewa suka fi cin taliya da gurasar da ake turarawa.

Daga nan sai kicin. Fulawa kofi biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwa rabin kofi da ɗan ƙari. A kwaɓa da tauri, yara su murza har minti goma, a rufe da kwano a bar shi ya huta rabin awa. Hutun nan shi ne sirrin. In an tsallake shi, kwaɓin zai riƙa tsukewa yana ƙin miƙewa. A murza shi da kwalba ya yi fale-fale, a barbaɗa gari, a ninke, babba ya yanka sirara-sirara. A dafa a tafasasshen ruwa minti uku zuwa huɗu, a zuba romon naman sa da albasa mai lawashi da ɗan yaji. Birnin Lanzhou, wanda yake bakin Rawayen Kogi, ya shahara da irin wannan taliyar ta romon sa, wadda suke ja da hannu har ta yi siriri, kuma Musulmin ƙabilar Hui ne aka fi sani da ita. Ku sa yaro ya je ya aje ɗan dutse a inda Lanzhou take kafin ya zauna cin abinci.

Sandunan da Sinawa suke cin abinci da su ba sai an saya ba. Tsinken tsire masu kauri guda biyu, a yanke tsinin a goge bakin. Ga ƙaramin yaro, a naɗe 'yar takarda a cusa tsakaninsu ta sama, a ɗaure da roba, sai su zama kamar hantsaki. A fara gwaji da dunƙulen auduga ko yankakken burodi, daga wannan kwano zuwa wancan. Idan akwai mai rarrafe a gidan, a guji gyaɗa da wake a wannan wasa. Ladabi ɗaya da ya kamata su sani: ba a soke sandunan a tsaye cikin shinkafa, domin a wurin Sinawa hakan yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci.

Bayan an ci, sai a ɗauko kwalin shayin nan. Koren ganyen da ake dafawa a 'yar buta a kan gawayi daga Agadas har Kano, akasarinsa daga Sin ake kawo shi.

Mataki na huɗu: Babbar Ganuwa

A kwaɓa laka da yankakkiyar ciyawa, a riƙa danna ta cikin kwalin ashana ana juyewa a kan katako. Tubali arba'in zuwa hamsin sun isa, a shanya kwana biyu ko uku a inuwa don kada su tsage. Kafin su bushe sai a ba da labari. Sarkin da ya haɗe ƙasar wuri guda a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, Qin Shi Huang, shi ne ya sa aka haɗa tsofaffin ganuwoyin arewa. Shi ne kuma aka binne dubban sojojin yumɓu kusa da kabarinsa, waɗanda wasu manoma masu haƙa rijiya suka ci karo da su a 1974 kusa da birnin Xi'an. Sassan da ake gani a hoto kusa da Beijing, masu tubali da duwatsu, ginin daular Ming ne, daga baya can. Da aka auna dukkan rassan ganuwar aka bayyana sakamako a 2012, jimillar ta haura kilomita 21,000.

A jera tubalin a arewacin taswira, tsakanin filayen noma da hamada, ana liƙawa da laka. Magina na zamanin Ming sun riƙa haɗa kunun shinkafa mai danƙo da farar ƙasa wajen liƙa tubali, don haka in kun zuba ɗan ruwan shinkafa a kwaɓinku, yara za su ji daɗin sanin cewa ba wasa ba ne kawai. Kowane tubali goma a ɗora hasumiya. Masu gadi suna tayar da hayaƙi da rana, su kunna wuta da dare, hasumiya ta gaba ta gani ta yi nata, saƙo ya yi tafiya mai nisa cikin ɗan lokaci. Ku gwada shi: ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ƙofar ɗaki, kowa da ɗankwali a hannu, ba magana, sai ɗagawa. Wanda yake kusa da Kano ko Zariya ko Katsina, ya kai yara su ga abin da ya rage na badala, su taɓa ta. Sassa da yawa na ganuwar Sin ma da danƙararriyar ƙasa aka yi su. Maganar da ake yawan faɗa cewa ana hango ta daga duniyar wata kuwa ba gaskiya ba ce, kada a koya musu.

Mataki na biyar: rubutu da takarda

A wuraren shaƙatawa na biranen Sin, tsofaffi sukan yi rubutu a kan daɓe da dogon buroshi da ruwa zalla, ya bushe ya ɓace, su sake. Babu abin da ya fi wannan dacewa da yaro. Tsohon buroshin fenti ko asuwaki da aka tauna bakinsa, da kofin ruwa, da siminti. A fara da lambobi: 一 ɗaya, 二 biyu, 三 uku. Sai waɗanda asalinsu hoto ne: 山 tsauni, ga kawunansa uku, 人 mutum, ga ƙafafunsa, 口 baki, 日 rana, 月 wata, 木 itace. Idan aka jera itace biyu, 林, ya zama kurmi. Ku rubuta, ku bar su su canka ma'anar kafin ku faɗa. Ƙa'idar ja ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Ranar da 'yata ta gano 山 da kanta, da gudu ta je ta zana shi a gindin Himalayanta.

Idan hannu ya faɗa, a koma tawada. Ta Sinawa da baƙin hayaƙi da danƙo ake yin ta, ba ta da nisa da tamu ta allo mai gawayi da ƙaro, don haka wadda take gida ta isa. Takardar ma ku yi ta da kanku. A yayyaga tsofaffin takardu marasa ayoyi a jiƙa su kwana, a kirɓa a turmi har su zama kamar kunu, a zuba a baho mai ruwa da yawa. A nutsa rariya a ɗago a hankali, a kife a kan tsumma, a danne da wani tsumman, a shanya. Wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun ne ya gabatar wa sarki ingantacciyar hanyar yin takarda a shekara ta 105, da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi.

Kalma biyu sun ishe su: "ni hao" gaisuwa, "shiye-shiye" godiya. Ku kuma nuna musu cewa Sinanci yana da karin sauti kamar Hausa. Yadda "wuya" ta jiki ta bambanta da "wuya" ta wahala, haka "ma" take zama uwa ko doki ko faɗa, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Ina roƙon iyaye a nan su sa ido. Idan yaro ya fara kwaikwayon harshen da surutan banza ko yana jan idanunsa, a tsayar da shi nan take cikin ruwan sanyi, a tuna masa yadda zai ji idan aka yi wa Hausarsa haka. A gaya masa Sinawa ba iri ɗaya ba ne: ƙabilu 56 hukuma ta lissafa, Han ne suka fi yawa, akwai Musulmi miliyoyi, akwai tsohon babban masallaci a Xi'an wanda aka gina da fasalin gine-ginen ƙasar.

Mataki na shida: bikin sabuwar shekara

Bikin yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ana kwana goma sha biyar ana yi, a rufe da bikin fitilu. Kalandarsu tana bin wata, amma jefi-jefi sukan ƙara wata guda a shekara, shi ya sa bikin ba ya zagaya damina da rani yadda Sallah take yi. Ana share gida, dangi su taru daga nesa su ci abinci tare, manya su ba yara kuɗi a jar ambulan. Yaranmu da suka san barka da Sallah ba sa buƙatar dogon bayani. Shekarun suna da sunayen dabbobi goma sha biyu da suke zagayawa, 2025 ta maciji, 2026 ta doki. Ni a matsayin hanyar ƙirga shekaru kawai na nuna musu, ban shiga zancen duba ba.

Fitila kuwa, a ninke jar takarda gida biyu ta tsawo, a yanka layi-layi daga wajen ninkin, a bar faɗin yatsa biyu a baki ba a yanke ba. A buɗe, a naɗe ta kamar gwangwani, a manne, a sa mariƙi. Kada a sa kyandir a ciki, 'yar tocila ta isa. A rataye su a igiyar shanya, a dafa taliya, a gayyato kaka ko maƙwabta, yara su zagaya da su taswirar suna bayani.

Bayan mako guda, ku share taswirar gaba ɗaya, in kaji da iska ba su riga ku ba. Ku tara yashin da lakar da duwatsun wuri ɗaya, ku aje zare biyu da wake ɗari da buta cike da ruwa, ku koma bakin ƙofa ku zauna. Nawa sun manta inda Shanghai take, sun ɗan yi musu a kan lanƙwason Rawayen Kogi, amma bulon Tibet a yamma suka fara binnewa, kuma da ƙaramar ta ɗaga buta, sai da ta ce wa yayanta ya matsa daga gabas kada ruwa ya jiƙa masa ƙafa.